Da gaske kakanka ya yi shekara 130? Yadda ake auna rayuwar magabata da abubuwan da suka faru a zamaninsu

Duk lokacin da wani dattijo ya kwanta dama a ƙasar Argungu ko Gwandu ko Yawuri, sanarwar rasuwarsa takan zo da lissafi mai nauyi: ya bar duniya yana da shekara 115, ko 120, wani lokaci har 130. Kafin a yi sadakar uku gardama ta kaure. Wasu su ce an yi ƙari, wasu su ce ai mutanen da fura da nono suka sha, ba su san abincin gwangwani ba, saboda haka ba abin mamaki ba ne. Tambayar da ke ƙarƙashin gardamar ita ce: mutumin da aka haifa babu takarda, aka binne shi babu takarda, akwai hanyar da jikokinsa za su san yaushe ya zo duniya da shekara nawa ya yi a cikinta?

Akwai. Sai dai hanyar ba ta ba da rana da wata. Abin da take bayarwa tsakani ne, kamar a ce "an haife shi tsakanin 1904 da 1907", kuma tana iya zabge wa marigayin shekara arba'in ko hamsin daga abin da dangi suka saba faɗa. Wadda ta fi kowa daɗewa a duniya cikin waɗanda aka tabbatar da takardunsu wata Bafaranshiya ce, Jeanne Calment, ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Wanda duk aka ce ya haura haka, to ya kafa tarihin duniya ke nan a ƙauyenmu ba tare da kowa ya sani ba.

Me ya sa shekarun suke kumbura?

Ba ƙarya magabata suke yi ba. Lissafin da suke riƙewa ne ya bambanta da namu. Tambayi tsohuwa a Kangiwa ko Bunza shekarunta nawa, za ta iya ce maka Allah ne masani. Amma ka tambaye ta ina take lokacin yunwar nan da ake kira Muda, nan take za ta ce, "Ina goyon ɗana na fari anka yi ta," ta ƙara maka da sunan garin da mijinta ya je neman hatsi da abin da aka sayar don a saye shi. Wannan amsa ta fi lamba amfani nesa ba kusa ba, domin tana da abin da za a gwada ta da shi.

Buƙatar lamba daga baya ta zo, tare da makaranta da asibiti da ƙidaya da katin zaɓe. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin Najeriya sai a 1979 aka fara yin ta, aka sabunta ta a 1992, kuma har yau ba kowane jariri na karkara take riska ba. Da aka tsare tsofaffi da tambayar da ba su tanadi amsarta ba, sai aka shiga cika gurbi da ƙiyasi. Ƙiyasin kuwa yana da halinsa: yana son lamba mai ƙarewa da sifili ko biyar, kuma kullum sama yake hawa, domin tsufa daraja ce a wurinmu. In aka ce "ya kai ɗari", abin da ake nufi sau da yawa shi ne ya tsufa tukuf, ya ga tattaɓa-kunne. Jika ya ji haka yana yaro, tsohon ya ƙara shekara goma sha biyar a raye, sai jikan ya tara ya samu 115.

Akwai kuma bambancin da ba na kuskure ba. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Cikin kowace shekara 33 ta rana, mai lissafi da wata ya samu ƙarin guda. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a 1168 ya rasu a 1232 ta Hijira, shekara 64 ke nan. A lissafin Miladiyya kuwa daga ƙarshen 1754 zuwa Afrilun 1817 ne, shekara 62 da 'yan watanni. Saboda haka malamin da ya ƙirga azumin da ya yi a duniya ya samu ɗari, a kalandar bango 97 yake da su. Mai son juya shekarar Hijira sai ya ninka ta da 0.97 ya ƙara 622, zai faɗa kusa ƙwarai. Amma wannan tazarar shekara uku ce a cikin ɗari. Ba ita ke mai da mai tamanin mai ɗari da ashirin ba.

Turke: abin da ake ɗaure labari a jikinsa

Aikin gaba ɗayansa a kan abu ɗaya yake tsaye. A nemo wani al'amari da kowa ya san shekararsa, wanda kuma dangi suka riƙe cewa marigayin ya gan shi, sannan a ɗaure labarinsa a jiki kamar yadda ake ɗaure doki a turke. Turke ɗaya yana hana labari tsinkewa. Uku ko huɗu suna tsayar da shi wuri ɗaya.

Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. An riƙe ranar haihuwarsa, 15 ga Maris 1903, domin ita ce ranar da Turawa suka ci Sakkwato. Dubban yara aka haifa a wannan shekara a ƙasar Gwandu da Kabi, kuma da yawansu iyayensu sun riƙa ce musu "shekarar da Nasara ya zaka anka haihe ka". Wanda ya gaji irin wannan jimla a gidansu ya gaji takardar haihuwa, ko da ba a rubuce take ba.

Sarautu su ne turakun da mutane suka fi ambata, amma ba duka ke da ƙarfi ɗaya ba. A ce an haifi mutum "zamanin Sama" na Argungu, ba a faɗi abu mai yawa ba, don Sarkin Kabi Sama'ila ya yi mulki daga 1883 zuwa 1915, ya fara tun ana yaƙi da Gwandu da Sakkwato, ya ƙare Turawa sun daɗe da zama. Haka Sarkin Gwandu Haruna Rashid, daga 1954 zuwa 1995, ko Abubakar na Uku da ya shekara hamsin a kan gado, 1938 zuwa 1988. A cikin irin wannan zamani ana iya haifar mutum, ya yi aure, ya aurar. Sarauta gajera ta fi amfani: Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru shekara uku kawai ya yi, 1915 zuwa 1918, Sarkin Musulmi Tambari 1924 zuwa 1931, Hassan ɗan Mu'azu 1931 zuwa 1938. Abin da ya fi su duka shi ne shekarar naɗi ko ta rasuwa. A 1915 sarauta ta sauya hannu a Sakkwato da Gwandu da Argungu duka, saboda haka in tsoho ya ce "shekarar da sarakuna sunka canza", ga inda za a fara dubawa.

Yunwa kuwa ba ta mantuwa, kuma kusan kowace tana da sunanta. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, bayan fari mai tsanani. An yi wata a 1927. A 1931 fara ta cinye amfanin gona a ƙasar Zabarma, jama'a da yawa suka tsallako iyaka suka shigo wannan ɓangare; gidaje da dama a ƙasar Arewa da Dandi da suke cewa "kakanmu daga Faransi ya zo", wato daga Nijar da Faransawa ke mulka a lokacin, a wannan ƙaura ko a gudun aikin tilas na Faransawa, wanda ba a soke ba sai 1946, za su samu farkon zaren labarinsu. 'Yar Gusau ta zo a farkon shekarun 1940, ana tsakiyar yaƙin Hitila. Muda ta 1953 zuwa 1954 daban take da sauran, domin ruwa ne ya yi yawa ya lalata hatsi, ba rashinsa ba, kuma wannan bambanci kansa shaida ne: in labarin yunwar ya zo da gero yana ruɓewa a gona, ba farin 1973 ake magana ba. Sai ta 1984, wadda mutanen kan iyaka, musamman ta ɓangaren Nijar, suke kira 'Yar Buhari saboda ta haɗu da rufe iyaka.

Sauran turakun a warwatse suke, kowane yanki da nasa. Annobar shanu ta wajen 1890 wadda ta talauta Fulani. Tawayen Satiru a 1906, wanda bayansa Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu. Murar 1918. Isar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929. Zuwan Sarkin Musulmi Hassan Argungu a 1934, wanda daga gare shi bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yau. Ɗiban mutane zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, da ɗaukar soja zuwa Bama. Kisan Sardauna a Janairun 1966. Mutanen gungu da na bakin kogi a ƙasar Yawuri suna da nasu wanda ba ya kuskure: tashin da aka yi musu saboda dam ɗin Kainji, wanda aka kammala a 1968. Daga nan abubuwa suna matsowa kusa da juna: komawa tuƙin hannun dama a 1972, naira da kwabo a 1973, makarantar UPE a 1976, ƙirƙiro Jihar Kebbi a Agustan 1991.

Tambayar da ake yi wa tsoho

Sanin turke rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin girman mutumin lokacin da abin ya faru, kuma a nan ne masu tambaya suke ɓata rawarsu. "Baba, shekarunka nawa lokacin?" tambaya ce da za ta haifar da sabon ƙiyasi. Abin da ake tambaya shi ne abin da jiki da al'ada suka riƙe. An yi maka shayi? Ka fara azumi? Kana kiwon awaki ne ko an fara ba ka kuyya a gandu? An sa sunanka cikin masu biyan haraji? Ga mace: ana goyonki ne, ko kina talla, ko an kai ki ɗaki? Haihuwa ta nawa kike goyo?

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da tazarar shekaru da aka san shi da ita. Shayi a da yakan kasance wajen shekara bakwai zuwa tara ko goma. Cikakken azumi yana tafiya da balaga. Auren fari na mace a karkara a wancan zamani yakan zo ba da daɗewa ba bayan ta balaga, na namiji kuwa ya fi jinkiri kuma ya fi yawo, shi ya sa labarin mata ya fi na maza daidaita lissafi. Abin takaici shi ne masu neman asali sukan zauna a zaure da maza, su manta da tsofaffin da ke cikin gida, alhali su ne suka san wa ya girmi wa, wa aka yaye da cikin wa, wa da wa aka yi wa shayi rana ɗaya.

Jerin haihuwa ma ma'auni ne. Uwa mai shayarwa shekara biyu, tsakanin ɗa da ɗa yakan kama shekara biyu da rabi zuwa uku. In an san shekarar auta, an kuma san 'ya'ya nawa ne a gabansa har da waɗanda suka koma, ana iya ja da baya a kusanci shekarar ɗan fari, daga nan a kusanci ta uwar. Sunaye na taimakawa: Tanko ya biyo mata, Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa ba, wanda ke nufin shekarar haihuwarsa ita ce ta rasuwar uban ko wadda ke bi mata.

A gwada da misali

A ƙaddara wani gida a ƙasar Argungu. Abin da suka gada game da kakansu huɗu ne: ya rasu yana da shekara 120, a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira; lokacin da aka yi Kakalaba yana kiwon awaki, bai daɗe da warkewa daga shayi ba; an haifi ɗansa na fari shekarar da Sarkin Musulmi ya zo Argungu; kuma ya yi yaƙi a bayan Sama lokacin da rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman ta kawo wa Argungu hari.

Rasuwar ta zauna, 1973. In an yarda da 120, haihuwarsa ta faɗa 1853, zamanin Yakubu Nabame, wanda ya tayar da Kabi a 1849. To ashe yana da shekara sittin da ɗoriya yake kiwon awaki da sabon shayi a 1914, kuma ya haura tamanin kafin ya ga ɗansa na fari. Lambar ta faɗi. In kuwa aka bi Kakalaba, yaro ne ɗan bakwai zuwa goma a 1914, haihuwarsa tsakanin 1904 da 1907. A 1934 yana da 27 zuwa 30, daidai da mai ɗan fari. Turaku biyu sun yarda da juna. Ya rayu ke nan shekara 66 zuwa 69.

Saura yaƙin. Abdurrahman ya yi sarauta daga 1891 zuwa 1902, harinsa kan Argungu kuma a farkon mulkinsa ne, fiye da shekara goma kafin a haifi mutumin namu. Ba sai an jefar da labarin ba. Mai yiwuwa ƙwarai gaskiya ne, amma na wani ne: mahaifinsa, ko kakan da aka mayar masa da sunansa. Kuma ga inda 120 ɗin ta fito. An haɗa rayuwar mutum biyu an ba mutum ɗaya.

Ramukan da ake faɗawa

Wannan haɗewa ita ce babbar cutar tarihin baka. Muna mayar da sunan kaka ga jika, muna kiran yaro Abba ko Baba ko Mai Sunan Malam, bayan shekara sittin kuma ba mai iya raba Umarun farko da na biyu. Sannan kalmar "ɗan" tana haɗiye mutane: wanda ya yi suna ana tunawa da shi, ɗansa da ya yi noma ya mutu shiru sai ya zame daga jerin. Hanyar kama wannan ita ce raba shekaru. Wanda aka haifa a 1980, yana cewa kakansa na sama ya halarci yaƙin Alwasa a 1805, to wancan an haife shi wajen 1780. Shekara 200 ke tsakaninsu. In haihuwa huɗu ce kawai a jerin, kowane uba sai ya kasance ya haifi na bayansa yana da shekara 50.

A nan sai an yi hattara, domin a ƙasarmu hakan ba abu ne da ba ya yiwuwa ba. Mai mata huɗu yana haihuwa har tsufansa. Abubakar na Uku yana da 53 aka haifi Sarkin Musulmi Sa'ad a 1956, kuma tsakanin Sa'ad da wansa Maccido kusan shekara talatin ne. Auta ɗan auta yana iya miƙa zuriya nesa. Amma a samu haka sau huɗu a jere abu ne da ke buƙatar hujja. Abin da ya fi yawa shi ne suna biyu ko uku sun ɓace.

Sarakuna ma suna da takwarori. Argungu ta yi Sama'ila fiye da ɗaya, har da mai ci yanzu wanda ya hau a 1996, kuma wanda ya karɓi Sarkin Musulmi a 1934 Muhammadu Sama ne, ba Saman yaƙi ba. Sakkwato ta yi Attahiru biyu a jere, na farko ya yi shahada a Burmi a 1903, na biyu ya kai 1915. Abubuwan da suka faru su ma suna maimaita kansu. "Shekarar tauraro mai wutsiya" tana iya zama 1910, tana iya zama 1882, wanda ya fito gab da shigar 1300 ta Hijira lokacin da ake ta zancen Mahadi, kuma tsakaninsu shekara 28 ne. "Canjin kuɗi" an yi shi a 1968 ana yaƙin basasa, an yi a 1973, an yi a 1984, ga kuma na baya-bayan nan da ya wahalar da mutane a farkon 2023. Buhari sau biyu ya rufe iyaka, 1984 da 2019. Maganin duka ɗaya ne, a ƙara tambaya: wane kuɗi aka bari, wane aka karɓa? Wa ke sarautar garinku lokacin?

Takarda fa?

Akwai ta fiye da yadda ake zato. Malamai da yawa sukan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami ko Larabci a gefen littafi ko a bangon gafakar Alƙur'ani, kuma irin wannan rubutu shi ne mafi inganci don a lokacin aka yi shi. Akwai rasit na haraji da na jangali a cikin tsofaffin adakoki, akwai littafin sallamar soja, akwai fasfon aikin hajji. Littattafan kotunan alƙalai suna ɗauke da rabon gado da sunayen magada. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da rahotannin da jami'an Turawa suka rubuta kan gundumomin lardin Sakkwato, waɗanda sukan kawo jerin hakimai da dagatai da labarin kafuwar garuruwa. Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Kanta a tsohuwar fadar Argungu, duk wuraren da mai bincike zai leƙa ne.

Sai dai takarda ma mutum ne ya rubuta ta. Baturen da ya ɗauki soja duban ƙirji ya yi ya sa shekara. Uba yakan rage wa ɗansa shekaru don a jinkirta sa shi cikin haraji. Ma'aikaci yakan rage nasa don ritaya ta yi nisa. Abin da takarda ta fi iya tabbatarwa shi ne mutum yana raye a wuri kaza a shekara kaza, kuma wannan kaɗai babban turke ne. Shekarun da ta rubuta masa kuwa, sai an gwada su kamar yadda ake gwada zancen baka.

Masu ja da masu goyon baya

Akwai masu ganin wannan aiki rashin kunya ne. A wurinsu in dattijo ya ce mahaifinsa ya yi 120, yaro ba shi da bakin da zai ce 68. Suna da hujja ta fuskar ladabi, kuma gaskiya ne wasu 'yan boko sukan shiga gida da biro da takarda kamar masu tuhuma. Amma in aka duba, hanyar nan maganar tsohon ta ɗauka da muhimmanci. Abin da ya gani da idonsa shi aka riƙe, lambar da wani ya liƙa masa ce aka ajiye.

A ɗaya gefen akwai masu cewa duk abin da ba a rubuce yake ba tatsuniya ce. Waɗannan a ganina sun fi na farko asara, domin da za a bi su, tarihin mafi yawan gidajen Kebbi zai fara ne daga ranar da aka buɗe firamare a garinsu.

Malamai kuma sukan ja kunne ta wata fuska. Hadisi ya zo da umarnin mutum ya san danginsa gwargwadon abin da zai sada zumunci, ya kuma zo da hani ga alfahari da asali. Jan kunnen yana da wurin zama, don bincike ba ya tambayar mai shi abin da yake so ya ji. Wani zai fita neman jinin sarauta ya tarar kakansa baƙo ne da yunwar 1931 ta koro, ko bawa ne. Turawa sun shelanta cewa duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba, ba su kuma soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, wato ba zamani ne mai nisa ba. Akwai gidajen da shirun da suke yi kan wani kaka da gangan ne, kuma wanda ya tono ya kamata ya san wa zai gaya wa, da wanda ba zai gaya wa ba.

Inda abin ya taɓa talaka

Wanda ya ɗauka wannan nishaɗin masu lokaci ne, bai zauna a kotun gado ba. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya gadon kakan matuƙar akwai ɗa namiji na kakan a raye. Saboda haka gonar da aka bari ba a raba ba shekara hamsin, makomarta tana iya rataya a kan tambaya ɗaya: wa ya riga wani, uban ko ɗan? Shaidun da suka ce "Malam ya rasu kafin a kashe Sardauna, ɗansa kuwa ana yaƙin Ojukwu ya rasu" sun warware shari'ar da babu takardar da za ta warware ta. Haka rigimar wa ya fara saran daji, ko gidan wa ya riga riƙe sarautar gari, ko neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ga wanda kakansa ya zo daga ƙetaren iyaka.

Rayayyu ma abin ya shafe su. Duba katin NIN na tsofaffin unguwarku ka ga nawa ne aka rubuta musu 1 ga Janairu, da shekarar da mai na'ura ya ƙiyasta da ido. Wannan lamba ita za ta bi mutum banki da fasfo da asibiti, gyaranta kuma kuɗi ne da zirga-zirga. Minti goma na tambayar "ina kike lokacin Muda?" kafin a je wurin rajista ya fi sauƙi.

Wahalar da ke ƙaruwa yanzu ita ce ta watsewar garuruwa. A ƙasar Zuru da maƙwabciyarmu Zamfara, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa, adakokin takardu sun ƙone, tsofaffin da suka tashi tare sun rabu, wannan yana Gusau wancan yana Kwantagora. Hanyar da aka bayyana a sama tana ƙarfi ne idan aka zaunar da tsofaffi biyu ko uku na gari ɗaya suna gyara wa juna, wannan ya ce kafin Muda ne, waccan ta ce a'a, bayanta ne, don tana da cikin wance. Waɗanda suka ga Muda da wayonsu yanzu sun kusa tamanin ko sun haura, waɗanda suka ga 'Yar Gusau kuwa sun doshi casa'in. Wayar hannu tana ɗaukar murya, kuma ya fi kyau a naɗi hirar yadda take da sunayen garuruwa da na yunwa da na sarakuna, a bar lissafin shekarun sai an dawo gida.